'Yan Gida Ɗaya a Sahu Ɗaya: Wa Zai Riƙe Tuta?

Akwai wani ɗan aiki da kusan kowane ɗayanmu yakan tsinci kansa a cikinsa ba tare da an taɓa koya masa shi a aji ba. Ɗalibin da ya tafi koyon aikin malanta, da mai bautar ƙasa, da sabon malamin firamare, da ƙaramin ma'aikacin ofishin ilmi na ƙaramar hukuma, da zarar ranar yara ta 27 ga Mayu ta gabato, ko bikin 1 ga Oktoba, ko gasar wasanni tsakanin gidajen makaranta, ko zagayen Mauludi, sai manya su dube shi su ce, "Malam, kai ne mai jini a jika, je ka shirya mana yaran nan." Sai a danƙa masa yara talatin ko arba'in, da ganga, da usur, da tuta, a ce ya mai da su ƙungiyar da za ta yi fareti, ta yi waƙa da kirari, ta ƙarfafa wa 'yan wasan gidanta gwiwa. Ba ya kwana uku yana horon nan sai ya gane cewa koya musu taka ƙafa abu ne mai sauƙi. Abin da zai hana shi barci shi ne wa da ƙane, ko ya da ƙanwa, waɗanda suka fito gida ɗaya suka tsaya masa a sahu ɗaya.

A Amurka wannan irin ƙungiya ta zama wasa mai zaman kansa. Ta samo asali ne a Jami'ar Minisota a 1898, sa'ad da wani ɗalibi ya tsaya gaban 'yan kallon ƙwallo yana ba da kirari suna amsa masa, har abin ya kai ga Kwamitin Olamfik na duniya ya amince da hukumar wasan a 2021. Mu kuwa ba mu jira Amurka ta koya mana ba. Tun kaka da kakanni muna da mai ba da waƙa da 'yan amshi, muna da masu kirari a filin dambe da na kokawa, muna da 'yan mata a dandali suna gaɗa, ɗaya ta saki jiki ta faɗo da baya, sauran su tare ta su cilla ta sama. Abin da makarantun Gusau da Tsafe da Bunguɗu suka ƙara a kai shi ne kayan sarki iri ɗaya, da sahu, da tuta, da alƙalai masu ba da maki.

Ra'ayinmu a nan guda ne, kuma za mu faɗe shi tun da wuri. Filin horo ba tsakar gida ba ne. Yaron da ya shigo ƙungiya ya shigo ne da sunansa da ƙafafunsa da muryarsa, kuma da su ya kamata a auna shi. Girman da wa yake da shi a gida yana nan daram, ba mai taɓa shi, amma ba shi ne zai ba shi tuta ba, kamar yadda ƙanƙantar ƙane ba za ta hana shi tuta ba. Wanda duk aka ba amanar yara ya kasa bambance waɗannan abubuwa biyu, to, zai ɓata ƙungiya, ya kuma ɓata zumunci, ya yi biyu babu.

Me ya sa 'yan gida ɗaya suka yi yawa a ƙungiyoyin nan? Dalili na farko tsohon abu ne. Gidajenmu masu yalwar 'ya'ya ne, kuma makarantu da yawa sukan sa ƙane a gidan wasannin da wansa yake, ja ko kore ko shuɗi ko ruwan ɗorawa, don riga ɗaya ta yi wa biyu aiki. Dalili na biyu kuwa sabo ne, kuma mai ɗaci. Tun daga sace 'yan matan makarantar Jangebe a Fabrairun 2021, da ɗaliban Kaya ta Maradun a Satumban wannan shekara, abin da ya sa gwamnatin jiha ta rufe makarantu a lokacin, har zuwa ɗaukar ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga Sabon Gida ta ƙasar Bunguɗu a Satumban 2023, iyaye sun daina sakin yaro shi kaɗai da yamma. Uwar da za ta bar 'yarta ta je horon fareti bayan la'asar, sharaɗinta shi ne yayarta ta tafi tare da ita. Saboda haka sau da yawa malami ba ya samun ɗaya sai ya karɓi biyu, kuma idan ɗaya ya yi fushi ya bar ƙungiya, biyu ya rasa. Wannan shi ne abin da yake sa malamai su riƙa lallaɓa gida maimakon su yi wa yara adalci.

Kuskure na farko da muke gani shi ne rabon matsayi bisa tsarin haihuwa. Ana neman mai riƙe tuta, ko mai sanda a gaban sahu, ko mai ba da waƙa. Kowa a filin ya ji cewa muryar ƙanwar ta fi tashi, ƙafarta ta fi bin ganga, amma sai a ba yayar, wai don kada a ce ƙarama ta wuce babba. Yaran nan ba wawaye ba ne. Ƙanwar ta koyi cewa ƙoƙari ba ya biya muddin akwai wanda ya riga ta zuwa duniya. Yayar ta koyi cewa ba sai ta wahala ba, matsayi yana jiranta. Sauran talatin da takwas kuwa sun koyi cewa akwai wata doka a ɓoye wadda ta fi wadda malam ya faɗa a fili. Akwai kuma kishiyar wannan, watau a ɗauki ƙane wanda bai cancanta ba don kawai wansa gwani ne, a ture ɗan wani gida wanda ya fi shi. Duk tafiyar ɗaya ce.

Kuskure na biyu shi ne mai da babba ɗan doka a kan ƙarami. Ƙane ya yi surutu a sahu, sai malam ya ce, "Kai, ja wa ƙanenka kunne." Ƙane ya manta hularsa, wa ne zai sha tsallen kwaɗo. Ƙanwa ta yi kuka, sai a fid da yayarta daga horo ta je ta rarrashe ta. Ta haka yarinya 'yar shekara goma sha uku, wadda ta wuni da goyo da wanke-wanke a gida, ta zo wurin da take fatan ta zama yarinya na sa'a ɗaya tak, sai ta tarar an sake ɗora mata reno. Gaskiya ne Bahaushe ya ce babban wa uba, amma bai ce malami ya sauke nasa nauyin a kan yaro ba. Horo da tsawatarwa a fili aikin malami ne shi kaɗai. Babba da aka ba bulala a kan ƙanensa a gaban tsaransu, abin ba ya ƙarewa a fili, har cikin ɗakin kwana zai bi su.

Kuskure na uku ya fi sauran ɓuya, shi ne kwatance. "Me ya sa ba ka yi kamar wanka?" "Yayarki da tana nan da ba haka ba." Wani yaron yakan shekara a ƙungiya ba a taɓa kiransa da sunansa ba, sai dai "ƙanen wane". Tagwaye kuwa nasu ya fi muni, domin Hasana da Usaina akan ɗauke su tamkar kaya ɗaya, a jera su wuri ɗaya don su ƙawata sahu, ba mai tambaya ko ɗaya ganga take so ɗaya kuma waƙa.

A nan ne ya kamata mu taɓo abin da littattafan horon wasanni na ƙasashen waje ba su san da shi ba, watau 'yan ubanci. A gidan da ake da mata biyu ko uku, yara biyu da suke amsa sunan uba ɗaya a rajistar makaranta ba lalle ne ɗakinsu ɗaya ba. Tutar da malami ya miƙa wa ɗaya da yamma, kafin sallar isha ta zama magana tsakanin ɗakuna: an fifita ɗan wance a kan ɗan wance. Malamin da bai san wannan ba zai yi mamakin yadda yaro mai ƙwazo ya daina zuwa ba dalili. Maganin abin ba shi ne a hana su duka biyun ba, kamar yadda matsorata suke yi. Maganinsa shi ne zaɓen ya kasance a fili ƙarara, bisa ƙa'idar da aka faɗa tun kafin a fara, yadda ko labari ya isa gida, yaran unguwa da kansu za su ba da shaidar yadda aka yi. Ƙissar Annabi Yusufu da 'yan'uwansa ta ishe mu sanin inda zaton fifiko yake kai 'yan uba. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashiru kuma, wanda Buhari da Muslimu suka ruwaito, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi zama shaida a kan kyautar da uba ya keɓe wa ɗa ɗaya, ya nuna mana nauyin adalci tsakanin 'ya'ya. In uba bai tsira daga wannan hukunci ba, ina ga malamin da aka ba aron yaran na ɗan lokaci?

Mun san abin da wasu dattawa za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce tarbiyyarmu ta ginu ne a kan ƙarami ya bi babba, kuma ranar da ƙane ya tsaya gaban sahu yana ba wansa umurni, "Hagu, dama, tsaya," ranar nan an fara rushe ladabi, gobe ba zai gaishe shi ba. Amsarmu ita ce al'adarmu da addininmu sun daɗe da raba girman shekaru da shugabancin aiki. A sahun salla, wanda ya fi kowa karatun Alƙur'ani da sanin sunna shi ake fara dubawa, shekaru sai daga baya. Amru ɗan Salama ya yi wa mutanensa limanci yana ɗan shekara shida ko bakwai don ya fi su hadda. Limamin da ya sallame salla ya juyo ya durƙusa ya gai da wansa da ke bayansa, wa ya ce ladabinsa ya ragu? Abin da yake kashe ladabi shi ne a bar ƙane ya ɗauki umurnin fili ya tafi da shi gida, ko a bar shi ya yi wa wansa dariya a gaban jama'a. Wannan kuwa malami yana iya hana shi da kalma ɗaya.

Ba sai mun je nesa neman misali ba, ƙasar Zamfara ta ba mu. Makaɗa Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991, ya tashi ne yana amshi a ƙungiyar mahaifinsa Usman Ɗankwanda tare da wansa Kurna. Da mahaifin ya rasu, jagoranci ya koma hannun Kurna, shi kuwa Musa aka ba shi matsayin Daudun kiɗi, watau mai bi wa jagora. Daga baya ya kafa tasa ƙungiya, ya yi wa 'Yandoton Tsafe Aliyu kiɗa, ya yi wa Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, sunansa ya game ƙasar Hausa. Darasi biyu muka gani a nan. Na farko, makaɗan fada sun san cewa 'yan'uwa biyu masu baiwa ba sa zama lafiya a ƙungiya ɗaya sai kowa yana da matsayi mai suna wanda aka san nasa ne. Na biyu, akwai lokacin da ƙane yakan yi girman da inuwar wansa ba ta isarsa, kuma barinsa ya kafa tasa rumfa ba yanke zumunci ba ne.

Misali na biyu daga filin ƙwallo yake. A 1996, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato, Nijeriya ta ci lambar zinariya a ƙwallon ƙafa a gasar Olamfik ta Atlanta. A cikin tawagar akwai 'yan gida ɗaya daga Kaduna, Emmanuel Babayaro da ƙanensa Celestine. Babban mai tsaron gida ne, kuma a benci ya zauna, domin akwai wanda mai horo ya fifita a raga. Ƙaramin shi ne ya buga, har ya ci wa Nijeriya ƙwallon farko a wasan ƙarshe da aka doke Ajantina da ci 3 da 2. Da mai horo ya ce ba zai sa ƙane a fili wa yana zaune ba, ko ya ce sai ya sa su duka don kada gida ya ɓaci, wa ya san inda zinariyar nan za ta tafi? Amma ga shi duka biyun sun koma gida da lambar a wuya.

To, mene ne abin yi ga wanda aka danƙa wa usur gobe? Kafin ya zaɓi kowa, ya tara yara ya faɗa musu abin da ake nema ga mai tuta, da mai sanda, da mai ba da waƙa, da mai ganga. Sa'an nan kowa ya gwada a gaban kowa, kuma a sami wani malami na biyu ya zauna a yi hukunci tare. Idan ƙane ne ya yi nasara, malami ya kira wan a keɓe tun kafin a sanar, ya gaya masa, don kada ya ji a bakin duniya, ya kuma ba shi aikin da ya dace da abin da ya iya, aiki na gaske mai suna, ba na rarrashi ba. Yara sun fi kowa gane matsayin da aka ƙirƙira don share hawaye. Ya raba su a sahu, kowa ya yi nasa abokai, ya kira kowa da sunansa. Idan akwai hawa kan juna irin na dalar mutane da wasu makarantu suke yi, nauyi da ƙarfi su za su raba wanda zai tsaya a ƙasa da wanda zai hau, kuma kada a tilasta wa ƙaramin yaro hawa don kawai wansa ne zai tare shi.

Game da laifi kuwa, kowa ya ɗauki nasa. Sai dai akwai laifi ɗaya da ya kamata malami ya yi tambaya kafin ya yi hukunci, shi ne makara. Yara biyu da suka makara tare kullum, galibi ɗibar ruwa ne, ko talla, ko jiran ƙanwa ta gama shiri, kuma maganar ta iyaye ce. Aikin rakiyar da uwa ta ɗora wa babba a girmama shi, amma a san iyakarsa: yana ƙarewa a bakin fili, ya koma kansa idan an tashi. Malami kuma ya tashi yara da sauran rana, yadda kowa zai isa gida kafin magariba. Idan tafiya ta kama zuwa Gusau, daga Tsafe ta hanyar Funtuwa ko daga Bunguɗu ta hanyar Sakkwato, a nemi yardar iyaye a kan kowane yaro da sunansa, kada a ɗauka cewa wanda ya yarda da ɗaya ya yarda da biyu.

Sai maganar kuɗi, wadda ake jin kunyar faɗa. Riga da hula da farin takalmi da safa abu ne mai sauƙi ga mai ɗa ɗaya, amma mai uku dole ya zaɓa, kuma mun san wanda akan bari a gida: ko ƙaramin, ko macen. Makarantar da take son 'yan gida ɗaya su zauna a ƙungiyarta, ta ajiye kayan a matsayin mallakarta, a ba da aro a karɓa bayan biki, kuma ta rage ƙawar da ba ta ƙara wa fareti kome. Kana idan malamin da kansa yana da ƙane ko ƙanwa a cikin yaran, abin da yakan faru ga wanda aka tura garinsu, to, ya janye daga zaɓen matsayi ya bar wa wani. Kada ya fifita nasa, kada kuma ya danne shi don a ce shi adali ne, domin wannan ma zalunci ne, sunan malam kawai yake gyarawa.

Wani zai ce, duk wannan dogon bayani a kan faretin yara? I, a kansa. Mu ɗalibai mun fi kowa kuka da "wa ka sani" wajen neman gurbin karatu da ɗaukar aiki da ƙarin girma. Muna rubuta ƙasidu a kansa, muna tayar da jijiyar wuya a ɗakin taro. Amma ma'aikacin da zai cusa ƙanensa a jerin sunaye gobe, ba a ofis ya fara koyon abin ba. Ya koye shi ne yana ɗan shekara goma, ranar da ya ga an miƙa tuta don gida ba don ƙwazo ba, kuma ba wanda ya ce uffan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ba mu da iko a kan majalisa ko ma'aikatar gwamnati tukuna, amma sahun yara arba'in a hannunmu yake, kuma a nan za a fara ganin ko adalcin da muke nema a baki muna iya yin sa da hannu.

Saboda haka, ya ku 'yan'uwa ɗalibai da sababbin ma'aikata, idan aka ba mu yara, mu mayar wa kowane gida da 'ya'yansa suna ga maciji da juna ko kuwa suna riƙe da hannun juna, zaɓin namu ne. Mu bar wa gida girmansa, mu ba fili haƙƙinsa. Ƙane ya riƙe tuta in ya cancanta, ya nannaɗe ta in an tashi, ya karɓi jakar wansa ya bi bayansa zuwa gida. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.